Cukun da ya tona asirin Inna

Shekarar da aka kai ni gidan miji a unguwar Limawa da ke Dutse, na kasa gane ko surukata tana sona. Inna Bafulatana ce ta wajen Miga, maigidana kuma ɗan farinta ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna hira da matarsa. In na gaishe ta, amsar ba ta wuce kalma biyu. Abin yana cin raina, ni da na taso a gidan da ko atishawa ka yi sai an yi sharhi a kai.

Ran nan da damina Inna ta zo Dutse a duba mata ido, ta sauka wurinmu da jarkar madara sabuwar tatsa. Na ce yau zan nuna mata ɗanta bai yi zaɓen banza ba. Na tsinko ganyen tumfafiya a bayan katanga, na daddaka, na tace ruwan a madarar da ke kan wuta. Da ta tsinke ta dunƙule, na kwashe cukun a kwando, na danne har ya tsane. Na yayyanka shi siriri-siriri, na soya a man gyaɗa har ya yi ja ya bushe ƙamas, na barbaɗe da yaji.

Na durƙusa na ajiye mata, na tsaya ina jiran yabo.

"Sannu, 'yar nan," in ji Inna. "Na ƙoshi."

Matar da tun asuba take cikin mota! Na koma kicin ina huci, hawaye na zuba. Maigida ya leƙo, ya ji abin da ya faru, sai ya kama dariya.

"Ke ma dai, kin tsaya a kanta kamar mai gadi. A wurinmu suruka ba ta tauna abu a gaban matar ɗanta. Saki labule ki ba ta wuri."

Na je na saki labulen, na ɗaga murya na ce zan shiga maƙwabta. Amma sai na laɓe a kan turmi, gindin taga. Shiru, shiru. Har na fara cire rai, sai na ji garas! Aka dakata. Can kuma garas, a hankali, irin na mai ƙoƙarin kada a ji. Ina! Da tuwo ne da asirinta ya rufu, amma wannan suyar ba ta san kunya ba. Da Inna ta ga ba dabara, sai ta saki jiki, ɗakin ya ɗauki garas-garas kamar akuya ta samu ƙaiƙayi. Na cusa mayafi a baki don kada dariyata ta fito, zuciyata fari ƙal.

Da na shiga ɗauke farantin, na tarar ta rage 'yan guntaye don kara. Na ɗauke shi na fita.

Washegari na raka ta bakin titi. Sai da ta hau bayan ɗan acaɓa ta gyara zama, sannan ta riƙo hannuna.

"Akwai wata jar karsana a garkena, daga yau taki ce. Amma 'yata, gaba ki rage suya. Duk Limawa sun ji ni jiya."