Lungun Katako a Hanyar Jidda

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife mu, ni da yayana, a gidan da kakanmu ya kama bayan ya zo Hajji daga Kano bai koma ba. Da aka zo gina otal-otal, lungunmu na cikin waɗanda aka rushe. Ni da Umma muka koma unguwar Shisha, muka kama shagga, wato sashen haya, a wani bene mai tsawo. Yaya yana kusa da mu da iyalinsa. Kafinta ne, mai yin ƙofofi da dandamalin biki, amma tun da kayan waje suka cika kasuwa aikin ya yi ta ja baya.

Umma ba ta taɓa sabawa da Shisha ba. Da tsufa ya kama ta, mantuwa ta biyo baya. Takan zauna a bakin taga ta tambaye ni yaushe za mu tafi gida. Nakan ce mata gobe.

Wata rana da la'asar Yaya ya shigo yana fara'a, abin da na daɗe ban gani ba. Ya durƙusa ya gaida Umma, sannan ya juyo gare ni.

"Na samu aiki, ƙanwata. Gwamnati ta fitar da doka, duk kamfanin da ya gina wurin ɗaukar fim za a sassauta masa haraji, a kuma mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe. Ga wani kamfani can ya kafa a hanyar Jidda, kafintoci suke nema ido rufe."

"Kai da fim, Yaya?"

"Ni ina ruwana da fim? Katako aka ce in buga."

Kullum da sassafe motar kamfani ke ɗaukarsu, shi da sauran kafintoci. Ya yi ƙiba, ya sai wa yaransa kaya, har ya fara maganar buɗe shagonsa. Bayan wani lokaci aka ba su aikin haɗa tsohuwar unguwa irin ta Makka ta dā, a cikin wata ƙatuwar rumfar ƙarfe. Aka ba su hotuna, aka ce kowa ya ƙawata ɓangarensa yadda zai yi kama da gaske. Yaya ya yi ƙofar gidanmu na Jarwal. Koriya, da zoben ƙarfe na ƙwanƙwasawa, da dakalin nan na hannun dama inda Umma ke tallan ƙosai muna yara.

Shi ya kawo shawarar mu kai Umma ta gani. Na hana, ya nace. Ya roƙi mai kula da wurin, aka yarje masa ranar Juma'a da ba a aiki.

Da muka shiga rumfar na tura ta a keken guragu. Muka shiga lungun, muka karya kwana. Sai ta riƙe hannuna.

"Tsaya. Ai mun zo."

Ta miƙe da kanta, ta dafa bango ta taka har dakalin ta zauna. Ta gyara mayafinta. Ta ɗaga murya ta kira maƙwabciyarmu ta dā, wadda ta rasu tun kafin rusau, tana cewa ta fito rana ta yi sanyi. Ta dubi Yaya ta ce, "Babanku bai dawo daga Harami ba?" Yaya ya ce bai dawo ba tukuna. Na ga ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

Can ta tashi ta tura ƙofar. Babu komai a bayanta sai sandunan da suka tokare bangon, da wayoyin lantarki a ƙasa. Ta tsaya tana kallo.

"Ina ɗakina?"

"Ana gyara ne, Umma," in ji Yaya. "In an gama za ki dawo."

"To ku bar ni a nan in jira."

Da ƙyar muka mayar da ita mota. Tun daga hanyar Jidda har Shisha tana kuka marar sauti, ni kuma ina jin haushin Yaya.

Daga ranar tambayarta ta canza. Ba ni take tambaya ba, shi take jira. Da ya yi sallama sai ta ce, "An gama gyaran?" Ya ce saura kaɗan.

Da aka gama ɗaukar fim ɗin, aka ce a kwance unguwar, za a sa wani abu a wurin. Waɗanda suka gina ta, su aka ba aikin. Yaya ya ce min shi ya zare ƙusoshin ƙofar da hannunsa. Ya nemi a bar masa ita, aka ce kayan kamfani ne. Ba a daɗe ba kamfanin ya samu inda aka yi masa sassaucin da ya fi, ya kwashe kayansa ya tafi, aka sallami kafintoci.

Umma ta rasu cikin watan Sha'aban, da hantsi, ina ba ta shayi. Aka yi mata salla a Harami. Yaya ya zo daga maƙabarta ya zauna a ƙasa a falo, ya ce, "Da na ji maganarki." Na ce masa a'a. Tun da muka bar Jarwal ban ga ta miƙe da ƙafarta tana kiran mutane da murya mai ƙarfi ba sai ranar. Ban sani ba ko ya yarda.

An ce fim ɗin ya fito, ana nuna shi a Jidda. Babu wanda ya je a cikinmu. Yanzu Yaya yana bin masu kafa tantuna a Arfa lokacin Hajji, sauran shekara kuma yana tuƙa tasi. Ran Alhamis yakan biyo ya kai ni kasuwa, mu yi hirar yara da tsadar tumatir, ya sauke ni a ƙofar bene ya wuce.