Fensirina a Gashin Baƙuwar Umma

A Hajjin shekarar da na gama aji huɗu, wata Talata bayan alhazai sun sauko daga Mina, na sa wata dattijuwa kuka a falon gidanmu na unguwar Mansur. Umma kitso take yi, kuma a irin wannan lokaci falon kan cika da hajiyoyi, kowacce da kanta a cukurkuɗe. Aikina tsifa, da miƙo mai, da gudu ƙasa sayo burodin tamis, ni kuwa hankalina yana lungu inda ƙawayena ke tsallen igiya. Ranar aka kawo mana Hajiya Amina daga Afirka ta Kudu, baƙa kamar mu, ba Hausa ba Larabci sai na salla. Yaya Hindatu, da ta tsinci Turanci a wurin aikinta na asibiti, ita ce tafinta. Hajiyar ta ce kitso mai kyau take so, domin gobe za ta haɗu da ƙanwarta Zulaiha, wadda ita ma ta zo Hajji, rabonta da ita tun suna yara.

Tsinken tsifa ya ɓace, sai na zaro fensirina na makaranta na ci gaba da shi. Da Umma ta ce, "Yalla ya binti, ɗauko shayi," na soke shi a gashin baƙuwar kamar yadda muke yi da tsinke, na tafi. Na dawo na tarar da ita ta sandare, hawaye na zuba, ta kasa kai hannu ta cire. Umma ta zaro shi tana hararata, na ɗauka na ji wa baƙuwar ciwo ne.

Abin da Yaya Hindatu ta fassara mana ya fi ƙarfin kaina. Wai a ƙasarsu, a da, hukuma ce ke raba mutane bisa launin fata, kowa da unguwarsa, da makarantarsa, har bencin zama. Idan aka rasa inda za a ajiye mutum, sai a soka masa fensir a gashi, a ce ya girgiza kai. Na Zulaiha ya faɗi, aka rubuta ta ruwa-biyu, wata gwaggo ta tafi da ita unguwarsu. Na Amina ya maƙale, ta zama baƙa. Uwa ɗaya uba ɗaya! Mu ma mun san gorin "Takari" a bakin titi, amma yaran da ke yi mana shi sahu ɗaya muke tsayawa da iyayensu a Harami. Umma sai salati take yi. Ta ce, "Halas, shi ke nan, gobe ki kawo ta nan, ni zan yi girkin."

Tun safe na share bene, Umma ta dafa shinkafa da rago, aka turara falo. Bayan la'asar Zulaiha ta iso da 'yarta budurwa. Hancinsu ɗaya da Hajiya Amina, har 'yar wushiryar. Hajiya ta tashi ta buɗe hannuwa, Zulaiha ta miƙa mata yatsu, ta zauna a bakin darduma, ta juya ta yi wa 'yar wata magana. Na ga fuskar Yaya Hindatu ta canza. Umma ta zungure ta, ita kuma ta raɗa mana cewa Zulaiha ta ce wa yarinyar wannan tsohuwar maƙwabciyarsu ce. An daɗe da rushe waccan doka, amma Zulaiha ba ta taɓa gaya wa 'ya'yanta tana da baƙar yaya ba. Hajiya Amina ta gyaɗa kai, ta ce wa yarinyar haka ne, ta zuba mata shayi da hannunta. Ni na gudu kicin, don ban taɓa jin haushin babba irin na ranar ba.

Yanzu Umma ta rasu, mun koma unguwar Ka'akiyya, 'ya'yana Larabci ya fi musu sauƙi, babba fara, ƙarama baƙa, kullum suna faɗa a kan gado ɗaya. Nakan bar su su yi ta yi. Ina kewar falon nan da ke tara matan duniya a gaban gwiwar Umma, sai dai ba mu sake jin labarin baƙuwarmu ba. Har yau ban sani ba ko Zulaiha ta kira ta Yaya kafin ɗayansu ta bar duniya.