Lambar da Man-seok Ya Toshe

Pyo Man-seok gyaran keken ɗinki yake yi a wani lungu na birnin Daegu, tun yana da gashi a ka. Mutum ne mai taurin kai, wallahi ko ruwa ne ya jiƙa shi sai ya ce shi ya ga damar jiƙewa. Kayan gyaran tsofaffin kekuna sun daina zuwa kasuwa, don haka a gwanjon intanet yake farautarsu, tabarau a karan hanci, yana latsa waya da yatsa ɗaya.

Yayarsa Geum-rye ce ta raine shi, kuma ita kaɗai ta rage masa a 'yan gidansu. Ta bi mijinta Ajantina sana'ar tufafi, ta tafi da wayar intanet mai lambar ƙasarsu, irin mai farawa da 070. Duk ƙarshen mako ita ke kira. A 'yan watannin nan muryarta ta dishe, tana tari, amma ba ta fasa faɗa ba. Kiran ƙarshe ma faɗa suka yi a kan sharar kabarin iyayensu. Ya ce idan ta damu ta zo ta share da kanta, ya kashe wayar.

A makon ne aka damfare shi. Ya ci gwanjon wani inji, mai sayarwa ya kira da daɗin baki, ya ce su bar tsarin shafin da ke riƙe kuɗi sai kaya sun iso, ya turo masa kai tsaye a yi masa ragi. Ya tura. Kwali ya iso, bulo ne a ciki, naɗe da jarida.

"Baban Do-hun, wannan na wane keken ne?" in ji matarsa, tana juya bulon.

Ya wuce shagon waya, ya nuna wa matar da ke wurin lambar ɗan damfarar.

"Ai masu 070 ɗin nan sun addabi kowa, Baba. In toshe su gaba ɗaya?"

"Toshe su kaf."

Ko a ransa bai kawo cewa lambar yayarsa na cikinsu ba. Shi dai "Yaya" yake gani idan ta kira, rabonsa da duba lambar har ya manta.

Ƙarshen mako ya zo, shiru. Wani ya zo, shiru.

"Kai ne ƙarami, kira ta mana," matarsa ta ce.

"Ni na yi laifin? Ta gama fushinta ta same ni."

Wata rana yana cin taliya a shago, wata doguwar lamba ta ƙasar waje ta shigo. Sang-cheol ne, ɗan Geum-rye.

"Kawu, Mama ta rasu jiya."

"To."

"Wayar tana gefen matashinta. Kullum sai ta kira ka, sai ta ji an katse. Na ce bari in gwada da tawa, ta ce in bar ka, ƙanenta ne, ta san yadda za ta lallashe shi. Kawu, me ta yi maka haka?"

"To," ya sake cewa.

Ya ƙarasa taliyar, ya wanke kwanon. Bai ji komai ba, ko zafi ko sanyi, kuma har yau kukan bai zo ba. Ya koma shagon waya ya ce a buɗe abin da aka toshe. Matar ta ce masu talla za su dame shi fa. Ya ce ya ji.

Bai kai bakin lungu ba wayar ta yi ƙara, 070. Wata yarinya ce mai tallar inshora. Ya tsaya a gefen titi, babura na wuce shi, ya saurare ta har ta kai ƙarshe.

"Baba, kana kan layi kuwa?"

"Ina jin ki. Ci gaba, ba zan kashe ba."