Rigar Sanyi Mai Hoton Ƙaguwa

Duk wanda ya taɓa shiga falon Maitama a Upper Marlboro ya san hoton nan da ke saman talabijin. Afnan ce, babbar 'yarsa, sanye da rigar kammala jami'a, kusa da ita kuma kakanta Malam Muntaka, dattijo mai farin gemu da hula zanna, ya ɗora wata jibgegiyar rigar sanyi a kan kaftani, da hoton jar ƙaguwa ɓaro-ɓaro a ƙirji. Baƙo ba ya gama shan ruwa bai tambayi labarin rigar ba. Da an tambaya kuwa, sai Maitama ya tuna yana da abin dubawa a gareji.

Maitama injiniya ne, aikinsa duba lafiyar gadoji. Mutum ne mai kamewa, irin wanda ko dariya zai yi sai ya duba wa ke wurin. Ya daɗe a Amurka har ya iya cin abinci a tsaye yana waya, amma abu ɗaya ƙasar ta kasa raba shi da shi: kunyar suruki. Tunda ya auri Sailuba bai taɓa kai loma baki a gaban mahaifinta Malam Muntaka ba, bai taɓa miƙe ƙafa a inda yake zaune ba. Yana alfahari da wannan fiye da digirinsa.

A shekarar 2008 Afnan ta gama karatu a Halifax, can Kanada, aka ɗauko Malam Muntaka daga Haɗeja don ya halarci bikin. Da jirgin sama suka bi da an huta. Amma Maitama ya kafe sai mota, su hau titi har Maine, daga nan su shiga jirgin ruwa mai ɗaukar motoci su tsallaka teku. Ya ce don Baba ya ga ƙasa. Gaskiyar magana so yake Baba ya ga surukinsa ya san ƙasa.

Abin da bai lissafa ba shi ne cikinsa. Mota ɗaya ce, tsoho na gaba kusa da shi, Sailuba da autarsu Juwairiyya na baya. Duk inda aka tsaya aka buɗe kular dambun nama da biredi, sai Maitama ya ce shi ya ƙoshi, ya zagaya yana duba tayoyin da ba abin da ya same su. Ruwa da shayi kawai ya yi ta ɗirka har suka isa bakin teku.

Ranar tsallakawa Malam Muntaka ya saka babbar rigarsa ta shadda, aikin hannu, wadda aka ɗinka masa musamman saboda bikin, don ya ji an ce Afnan za ta tarye su a tasha. Aka jera motoci a cikin jirgi kamar kifin gwangwani, mutane suka hau sama. Sailuba da Juwairiyya suka sami kujeru a ciki suka lafe. Tsoho ya ce shi waje zai zauna, bai zo daga Haɗeja don ya kalli teku ta gilashi ba.

Maitama na ganin kowa ya kama gabansa ya sulale wurin sayar da abinci. Ya sayi soyayyen kifi da dankali, ya ƙara wani, ya ɓuya bayan wani ginshiƙi yana ci hannu baka hannu ƙwarya, yana waige-waige kamar mara gaskiya. Bai daɗe da gamawa ba jirgi ya fita tsakiyar ruwa, ya fara tashi yana sauka. Iska ta yi sanyi. Sai ya tuna da tsoho a waje, ya ɗauki bargo ya fita.

Ya same shi a kan benci shi kaɗai, yana jan carbi. Ya durƙusa a gabansa yadda ya saba.

"Baba, ga bargo, sanyin nan ya..."

Bai ƙarasa ba. Jirgi ya nutsa ya ɗago, duk abin da ya ci ya dawo a kan cinyar Malam Muntaka, a kan aikin rigar da aka yi wata da watanni ana yi. Ya so ya tashi ya gudu. Sai wani aman ya sake zuwa. Tsoho bai janye ba. Ya ajiye carbi, ya dafe masa goshi da tafin hannu, yana cewa, "Sannu. Bar shi ya fita duka. Sannu, Injiniya."

Maitama ya yi fatan tekun nan ya buɗe ya haɗiye shi. Da ya ɗan dawo hayyacinsa, tsoho ya ce masa ya je ya wanke fuska, ya biya kantin jirgi ya samo masa wani abu mai kauri. Rigar sanyin da ta rage daidai shi ita ce mai ƙaguwa.

Ko da ya dawo, ya tarar Sailuba ta fito, tana naɗe babbar rigar cikin leda, Juwairiyya na riƙe da ciki tana dariya. Malam Muntaka na cewa, "Ai ni da ruwan da ya fi kogin Haɗeja, daga yau sai dai a hoto. Ya juya mini hanji sarai." Ya kalli Maitama ya karɓi rigar sanyin. "Allah ya yi albarka. Ga shi na ba ka aiki."

Nan ne ya kamata Maitama ya buɗe baki. Bai buɗe ba. Maiƙo ya ƙi fita daga shaddar, washegari tsoho ya je biki da ƙaguwa a ƙirji, aka ɗauki hoto.

Daga nan labari ya zama na gida. Jika da kaka dama abokan wasa ne, yaran kuwa suka sami abin yi. Duk ranar Lahadi in an kira Haɗeja, Juwairiyya za ta karɓe wayar da gurguwar Hausarta: "Angona, yaushe za mu koma jirgi? Na saya maka leda." Tsoho ya yi ta ƙyaƙyata dariya, har yana ƙara wa labarin gishiri, wai sai da Turawa suka taru a kansa. Maitama na jin su daga ɗaki, kunnuwansa na zafi. Sau da yawa ya karɓi wayar da niyyar ya ce wani abu, ko godiya ce, sai a ƙare a gaisuwa da tambayar damina. Da shekara ta zagayo, maganar ta ƙara nauyi a bakinsa.

Malam Muntaka ya rasu a 2016. Mutane suka cika gidan Maitama da ta'aziyya, daga Fort Washington, daga Takoma Park. Bayan la'asar, da zaman ya ɗan saki, wata baƙuwa ta nuna hoton, Juwairiyya ta fara ba da labarin tana dariya tana share hawaye. Maitama ya tashi ya shige kicin.

Sailuba na can tana jera kofunan shayi a faranti. Ba ta ɗago ba.

"Abban Afnan, ranar Alhamis muka shiga jirgin nan," ta ce. "Baba ko a tafiya ba ya barin azumin Alhamis. Ni kuma na wanke rigar. Kifi ne da dankali."

Maitama ya ce, "Duk shekarun nan kin sani?"

"Tun a jirgi. Na buɗe baki ya harare ni. Daga baya ya ce in bar masa abinsa. Ya ce shi jikoki ne za su yi masa dariya, wannan kuwa haƙƙinsu ne. Kai kuma 'ya'yanka ne, bai kamata su yi maka ba."

Ta miƙa masa farantin. "Kai wa baƙi, zai huce."

Ya karɓa ya fito. A falo ana ta dariya har yanzu. Hanyar zuwa wurin maza ta gaban talabijin take, ƙarƙashin hoton. Da ya zo daidai wurin sai ya rage tsawo, ya sunkuyar da kai, ya wuce.