Wa Ya Kife Takalmin Umma?

Takalma na fara gani ranar da muka kai Umma gidan nan na unguwar Gudu a Abuja. Kafin in ga fuskar kowa, kafin ma in lura da bishiyar mangwaron da ke tsakar gida, idona ya sauka a kan silifas a bakin ƙofofi, kowace ƙofa da nata, wasu suna kallon waje, wasu suna kallon ɗaki, an ajiye su daidai kamar an gwada da rula. Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, yau shekara biyu ke nan da ɗoriya. Abin da zan faɗa muku wallahi a gabana ya faru, da rana tsaka, ba mafarki na yi ba, ba kuma wani ne ya ba ni labari ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu nake ɗaga murya, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Bayan rasuwar Abba, Umma ta daina barci. Tela ce, tana da ɗan shago a kasuwar Wuse, sai wata maƙwabciyarta a layin ta ba ta maganin tari, ta ce zai sa ta runtsa. Ya sa ta kuwa. Daga kwalba ɗaya a mako ta koma kullum, ta daina buɗe shago, ta daina kitso, har ranar da ta fita titi ba mayafi tana kiran sunan Abba. A Garki muke, gidan haya, mu da ƙaninta Kawu Sani da matarsa. Ta yi wata biyu a asibiti, da za a sallame ta likita ya ce kada a mayar da ita unguwar da ta san inda ake sayar da kwalbar tukuna. Dangin Abba suka ce a kai ta gidan mari can gida. Kawu ya ce muddin yana numfashi ba mai sa wa yayarsa sarƙa a ƙafa. Wata nas ce ta ja shi gefe ta yi masa kwatancen gidan Mami Rifkatu.

Mami tsohuwar nas ce, 'yar Filato, gajera mai faɗi, kullum da makullai a ɗaure a ƙugu. Da ta yi ritaya ta mai da gidanta wurin zaman matan da asibiti ya sallama amma gida bai shirya karɓarsu ba. Ɗaki bakwai ne, wata shida ake yi. Su suke girki, su suke shara, magani kuma daga hannunta ake karɓa safe da yamma. Masu sallah su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ranar Lahadi masu zuwa coci su bi ta. Babu wata alama a bakin get, mai wucewa sai ya ɗauka gidan wata mai yawan 'yan'uwa ne. Ƙofofin ɗakuna kuma babu mai sakata ta ciki, na ga ramukan kusa inda aka cire su.

Duk Asabar nake zuwa. Da kaina na gane maganar takalman, ba wanda ya koya mini: in suna kallon waje, mai ɗakin tana son a shigo, in suna kallon ɗaki, tana hutawa, a ƙyale ta. Na ji daɗin na gane, sai ban tambayi kowa ko akwai saura ba. Kunya ce ta hana ni, kuma wannan kunyar ta kusa sa in rasa uwata.

Umma ta samu sauƙi sosai a gidan. Ta yi ƙiba, ta koma yin dariya har haƙorin makkanta ya bayyana, ta gyara tsohon keken ɗinkin Mami tana yi wa matan gidan ɗinki. Saura mako biyu watanninta shida su cika, na share kusurwarta a ɗakinmu, na wanke zanin gadonta, sai mai gidan hayarmu ya kira Kawu. Ya ce sauran 'yan haya sun yi masa ƙorafi, suna da yara ƙanana, ba za su zauna da mahaukaciya ba, in ta dawo to mu duka mu nemi wani wuri. Ina bayan labule na ji Kawu yana faɗa wa matarsa. Dangin Abba da suka ji, suka sake tayar da zancen gidan mari. Ranar Laraba Kawu ya je ya faɗa wa Mami a baranda, yana magana ƙasa-ƙasa, bai san tagar Umma tana buɗe ba.

Ranar Asabar ni kaɗai na tafi. Kawu ya sa ni a tasi, ina rungume da kular ɗanwake, don Umma tana sonsa da yaji da yawa. Bayan azahar ne, rana ta take, gidan shiru sai muryoyi can daga kicin a baya. Kwana biyu ba ruwa a famfo, jarkoki jere a bakin get babu komai a ciki, ana jiran mai ruwa.

Ina isa ƙofar Umma na ga silifas ɗinta shuɗi, na dama yana kallon ɗaki, na hagu a kife. Kun san yadda aka raine mu, ba a barin takalmi a kife. Kakata ko tana tsakiyar magana ta hango shi sai ta ce a je a gyara. Ban ma yi tunani ba na sa ƙafa na birkice shi, na daidaita shi da ɗan'uwansa. Tunda suna kallon ɗaki, na ce barci take yi, bari in jira. Na zauna a kan dakalin mangwaro da kula a cinyata.

Ban yi minti biyar ba na ji tas! Na ɗago, takalmin hagu a kife.

Na duba ko kyanwa ce, babu kyanwa. Iska kuwa ko ganyen mangwaro ba ya motsi. Na tashi na gyara shi da hannu wannan karon, har na ɗan danna shi a ƙasa, na koma na zauna ina kallonsa. Allah shi ne shaidata ban ɗauke ido ba. Ina kallo dunduniyarsa ta ɗaga a hankali, kamar mutum ya tsugunna ya kama shi, ya juya a sama, ya faɗi a kife, tas! Ban ga hannu ba, ban ga inuwa ba. Amma da na matsa, na ga shatin yatsu huɗu a ƙasan takalmin, a jiƙe, ruwan yana bushewa a kan ƙura ina kallo.

Na ja da baya. Na taka zuwa kicin da kulata a hannu. Mami na zaune da faranti tana tsintar wake, kusa da ita Anti Kande, wata mai barkwanci da ta warke tuni ta zauna tana taya Mami aiki, ta fi kowa daɗewa a gidan.

"A'a, ga kurma ta zo," in ji Anti Kande. "Yau ma gaisuwar da ido za a yi mana?"

Mami ta ce, "Kande, bar mini yarinya. Zo nan, me ya same ka? Fuskanka ya yi fari." Haka Hausarta take, kowa ka take ce masa.

Na ce, "Mami, takalmin Umma ne ya ƙi zama."

"Ya ƙi zama yaya?"

"Kifewa yake yi. Sau biyu ina gyarawa."

"Ka gyara? Yesu!"

Farantin ya faɗi, wake ya watse har ƙofa. Ban taɓa sanin Mami tana iya gudu ba sai ranar. Ko sallama ba ta yi ba ta tura ƙofar.

Umma na zaune a ƙasa ta jingina da gado. Ta ninke kayanta tsaf a cikin jaka, ta ɗora dardumarta a kai. Kofin ruwa a gefenta, hannunta na dama a dunƙule. Ashe tun Laraba, da ma kafin Laraba a ranakun da zuciyarta ta yi nauyi, in an ba ta magani sai ta ɓoye shi, ta tara. Mami ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwarta, ta kama hannun da hannuwanta biyu.

"Oya, 'yar'uwa na, ba ni. Ba ni kawai. Ka sha ko ɗaya?"

Umma ta girgiza kai. Ta buɗe hannun yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta hango ni a bakin ƙofa.

"Uwata, yaushe kika zo?" Haka take kirana, sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Na ce, "Ɗanwake na kawo miki." Abin da ya zo bakina ke nan. Sai ta fashe da kuka, ta miƙo hannu, na je na faɗa jikinta da kular da komai.

Da la'asar, muna jiran Kawu ya zo a kai ta wurin likita, Mami ta zaunar da mu a ƙarƙashin mangwaro ta yi mini bayanin abin da ban tambaya ba. Ta ce akwai ranar da mutum ba ya iya buɗe baki ya ce a taimake ni, ko da wuta ce a cikinsa. To a gidan nan in ranar ta zo, sai ki kife takalminki ɗaya. Duk wanda ya gani ba ya gyarawa, ba ya ƙwanƙwasawa, shiga kawai yake yi. Ta ce laifinta ne da ba ta faɗa mini tun farko ba. Sannan ta dafa Umma ta ce ta yi ƙoƙari da ta kife nata.

Umma ta ce, "Mami, ni ban kife ba."

Duk muka juyo muka dube ta.

"Da hannuna na jera su suna kallon ɗaki, don kada kowa ya shigo. Sai dai duk sanda na ɗaga hannu zan kai baki, sai in ji tas a bakin ƙofa, in ɗauka wani ne zai shigo, in sauke. Sau uku."

Anti Kande ta ce a hankali, ba wasa a muryarta, "Inna Talatu ce."

"Kande, rufe baki," in ji Mami.

Ni kuma, ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na faɗi maganar yatsun nan huɗu masu ruwa. Mami ta daɗe tana kallon jarkokin da ke bakin get. Daga baya ta ce Inna Talatu ita ce mace ta farko da ta zauna a gidan, a bakin kasuwar Gudu ta same ta, ba a san danginta ba, don haka ita ba a yi mata lissafin wata shida ba. Ba ta magana ko kaɗan. Ita ta fara kife takalmi in ciwon ya taso mata, daga wurinta aka ɗauki dokar. Da ta samu sauƙi sai ta koma kife na wasu, tana gane wadda ke cikin damuwa tun kafin Mami ta gane. Ciwonta na wanke hannu ne, a yini sai ta wanke sau hamsin, duk abin da ta taɓa sai ta bar ruwa a jiki. Ta rasu shekara uku kafin zuwan Umma, a ɗakin da aka ba Umma.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Mami. "Ni nas ne. Wanda ya mutu ya mutu." Amma na ga ta goge ido da bakin zani.

Ni ma har yau ban san abin da na gani ba. Na tambayi malamar Islamiyyarmu a kaikaice, ta ce Allah yana tsare bawansa ta hanyar da Ya so, in yi ta godiya in daina bincike. Abin da ke sa tsigar jikina tashi in na tuna shi ne, sau biyu ina ɓata aikin, kuma ko wane ne bai yi fushi da ni ba, ya dai sake kifewa har sai da na gane.

Umma ta yi mako biyu a asibiti ta koma gidan Mami. Da Kawu ya tuna wa Mami watanni shida sun cika, ta ce, "Dokan ni na sa shi, ni zan cire shi. Ba inda za shi sai an samu ɗaki." Wata huɗu ta ƙara. Mami ce ta yi ta yawo a Gudu da lemarta har ta samo mana ɗaki da falo a bayan kasuwa, gidan wata Hajiya 'yar Katsina mai sayar da robobi. Ba ta ɓoye mata komai ba. Hajiyar ta ce nata ɗan ma ya taɓa shiga wannan hali, a kawo Umma. Yanzu Umma tana ɗinki a baranda, tana zuwa ganin likita duk wata, ranar Alhamis kuma ta je gidan Mami ta koya wa sababbin zuwa yankan atamfa. Akwai ranakun da take wuni ba magana, ban ce babu ba.

Ku da kuke karantawa, in kuna da ɗakin haya aka kawo muku irin Ummata, don Allah ku zauna ku ji bayani kafin ku ce a'a. In kuma kun ga takalmi a kife a ƙofar wani, ku gyara, ba laifi, amma ku ƙwanƙwasa ku ji muryar mai ɗakin kafin ku wuce.

Ranar da muka tare, bayan mun gama jera kaya da yamma, na ga Umma ta sunkuya ta kwashi silifas ɗinta shuɗin nan za ta shiga da su ɗaki, wai gidan mutane da yawa ne, kada a yi musanya. Na riƙe mata hannu. Ta dube ni tana jira, don ta san sai na daɗe kafin magana ta fito.

Na ce, "Umma, don Allah ki riƙa barin su a waje, inda zan gani."