Kwalbar da ta ba ni riƙo

A dogon hutun shekarata ta uku a jami'a aka ɗauke ni aikin bincike kan ciwon damuwa a tsakanin matan karkara. Horon mako biyu aka yi mana, aka ba ni takardar tambayoyi, aka jefa ni rugagen bayan Doguwa da tsakar damina. Ni da ko kaza ban taɓa lallashi ba.

Doka ita ce a keɓe da mace. To a wata ruga surukar matar da zan yi wa tambayoyi ta shimfiɗa tabarma ta zauna daram, kuma wane ni in tashi tsohuwa a gidanta? Matar da na zo dominta, wata biyu ke nan da rasuwar ɗanta na fari. Barci? Lafiya lau. Kuka? Ta sunkuyar da kai, ta ce babu. Na cike takarda tas, har ina cewa a raina wannan akwai taurin zuciya. Wauta ce tawa. Na manta ɗan fari ko sunansa ba a kamawa, balle a yi kukansa gaban suruka.

Matar ta rako ni har bakin rafi, inda mai babur ke jirana. Nan ta zaro kwalbar maganin ciyawa daga cikin zane ta danƙa min.

“Riƙe min wannan, 'yar'uwa. Ba na so mu ƙara kwana ɗaki ɗaya da ita.”

Duk abin da aka koya mana ya gudu daga kaina. Na roƙe ta ta biyo ni asibiti, ta ce shanu sun kusa dawowa, wa zai yi tatsa? Waya ba sabis, shugabarmu tana Tudun Wada, ruwan rafi kuma yana ta hawa. Na hau babur da kwalbar a hannuna. Sai da muka haye na tuna lokacin feshi ne, kowace bukka akwai irin wannan kwalba.

Kwana uku rafi ya hana mu komawa. Ko waya ta yi ƙara sai in zaci labarin matar ne. Ran na huɗu muka ƙetara ni da wata ma'aikaciyar jinya, ina tafe ina kasa kunne ko zan ji koke-koke.

Muka tarar da matar tana wanke ƙwarya. Ta dube ni, ta yi ƙasa da murya.

“Akwai wata kwalbar a ɗakin maigida. Cewa na yi bari in ga ko za ki dawo.”