Filastar da ke Bayan Hannun Malama

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama. Ni sai ranar Asabar na ji, don babu wanda ya san gidana a danginta. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini baki.

Malama, a bencin asibiti muka haɗu, ni da ke, kowa da tarinsa. Ciwonmu ɗaya, dajin huhu, kuma duk ya yi nisa kafin a gane. Ke shekara talatin kina koyar da yara, ni shekara talatin ina hura wuta ina dafa musu abinci a wata makarantar. Kika kalli katina da na riƙe a juye, kika gyara mini shi, kika ce, "Yaya, ashe ni alli, ke hayaƙi. Yaran nan sun gama da mu." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Rabona da dariya tun rasuwar maigidana.

Aka sa mu a kan wani ƙarin ruwa, duk bayan sati uku, ranar Talata. Likita ya ce shi wannan ba ya kashe cutar da kansa, sojojin jikin mutum yake tasowa su yi faɗan. Wani yana karɓarsa, wani ba ya karɓarsa. Ya ce za a riƙa ɗibar jininmu ana duba ɓurɓushin cutar da ke yawo a ciki, in yana raguwa to alama ce mai kyau. Ban gane ba, sai da kika ce, "Ba ke ce mai girki ba? Cokali ɗaya ake ɗanɗanawa a san halin tukunya."

Kin san ni da allura. Rana ta farko na ce wallahi gida za ni, in mutuwa ce ta same ni a kan gadona. Kika riƙe mini mayafi kika ce, "Zauna, tsohuwar banza, ni ma tsoron nake ji." Na ce to, muddin kina zuwa zan zo, ranar da kika daina na daina. Da bakina na faɗa. Da na sani da na haɗiye ta.

Bayan zuwa na uku sakamako ya fito. Na miƙa miki takardata, kika karanta, kika ce ɓurɓushin nawa ya ragu sosai. Na ce naki fa? Kika ninke taki kika tura a jaka, kika ce, "Alhamdulillahi. Ni dai an canza mini lokaci, da sassafe za a riƙa sa mini, a ɗakin sama."

Daga ranar, duk Talatar da na zo ina iske ki zaune kusa da kujerata, da farar filasta a bayan hannunki, ki ce ke har kin gama naki. Ki riƙe mini hannu a soka allurar, ki yi ta ba ni labarin yaran ajinki har ruwan ya ƙare. Ni ina murmurewa, ke kina zubewa. Ni kuwa mai girki, abin da na sani kenan, in mutum ya rame to bai ci ba. Na yi ta ɗauko miki abinci a kwano, ina yi miki faɗa. Har na ce miki, "Magani ɗaya muke sha, ke dai raki gare ki." Kika ce, "Haka ne, Yaya." Wannan maganar ce take hana ni sakat.

Ranar Asabar ɗin nan nas ɗinmu, doguwar, ta biyo adireshin katina ta zo har gida. Ita ta gaya mini rasuwar. Na ce ya za a yi, ai maganin ya karɓe ta? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, jininta ya nuna cutar ƙaruwa take yi, hoton ƙirji ma ya tabbatar. Tun lokacin aka tsayar mata da ruwan. Filastar nan roƙonmu take yi mu manna mata. Ta ce in kika sani ba za ki dawo ba."

Talata bakwai, Malama. Mota biyu kike shiga, da wannan numfashin naki, don ki zauna kusa da wadda ba dangin iya ba na baba.

Jibi Talata ce. Ɗiyata ta tambaye ni ko za ni, tunda na rantse ranar da kika daina na daina. Na ce za ni. Na ce ta kai ni ƙofa ta wuce wurin aikinta, zan miƙa hannun da kaina. Ba na so wahalarki ta tashi a banza.

Allah Ya jiƙanki, Malama. Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata miki kabari, Ya ba ki numfashin da kika rasa a nan. Ƙaryar da kika yi mini na yafe duniya da lahira, ya Allah kada Ka kama ta da ita. Ke ma ki yafe mini bakina.

Ga maigidanta da 'ya'yanta uku da jikoki, ina yi muku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ba ku san ni ba. Ni ce tsohuwar da uwarku ke fita dominta alhali ya kamata tana kwance a gabanku. Cikin 'yan kwanakin da suka rage muku da ita, na ci bakwai ban sani ba. Don Allah ku yafe mini su.